Lauya a shari'ar raba aure: abin da muka biya da abin da muka samu a wani ofishi a Kano

Kuɗin da muka biya lauya ya ninka sadakin ƙanwata har da ɗori. Shi ne abin da mata ke fara tambayata a gidan biki in suka ji cewa da lauya muka raba auren, kuma shi Baffanmu ya yi ta nanatawa har aka gama shari'ar: "Ku mayar masa da sadakinsa mana, kowa ya huta." Ni 'yar kasuwa ce, atamfa da leshi nake sarowa a Kantin Kwari ina sayarwa a gida, ba na iya fitar da kuɗi ban san abin da na saya ba. To ga abin da na saya, da inda aka cika min mudu, da inda aka tauye. Sunan ofishin da na Baristar da na kotun duk zan bar su a cikina, saboda akwai yara a tsakani, ubansu kuma yana nan a gari.

Ofishin yana hawa na biyu a wani benen shaguna, ƙasa masu sayar da waya ne da masu POS. Ɗaki biyu ne da ɗan falon jira. Babbar lauyar mace ce da ta manyanta, sai ƙananan lauyoyi biyu da sakatariya. Wata abokiyar cinikina da suka yi mata shari'ar gado ce ta kwatanta min su.

Matsalar ƙanwata ba sabuwa ba ce a garin nan. 'Ya'ya biyu, mace da namiji. Duka, zagi har da na iyaye, daga baya cefane ma ya tsaya. Ta yi yaji an yi biko, ta sake yi an sake mayar da ita da "ki yi haƙuri, zaman aure ibada ne." Ranar da ta zo gida da ido a kumbure ta ce ko za a yanka ta ba za ta koma ba, shi kuma ya aiko cewa ba zai zo biko ba, ba zai kuma sake ta ba, ta tsufa a ɗakin tsohuwarta. Waliyyai sun zauna, mai unguwa ya sa baki, an je Hisba. A Hisba sun kira shi ya zo, sun yi nasiha iya nasiha, amma su sulhu ne aikinsu, ba su da ikon kashe aure, kuma ba su ɓoye mana hakan ba, suka ce sai kotu. A wajen zaman nan ne ya zaro takarda daga aljihu: sadaki N60,000, lefe akwati shida, kuɗin gaisuwar iyaye, na sa rana, kuɗin ɗakin taron da aka yi dina, har da na mai ɗaukar hoto. Jimilla sama da naira miliyan ɗaya da rabi. A biya shi, ya rubuta saki.

Ganawar farko ana biyanta daban, kafin ma ki zauna, kuma ita ce kuɗin da na fi jin daɗin fitarwa a duk harkar. Na shiga da bakina cike da labari, na fara zubawa tun daga ranar ɗaurin aure. Barista ta saurare ni kaɗan, sai ta ɗaga hannu ta ce, "Hajiya, ba ke za ki tsaya gaban alƙali ba. Bari ta faɗa da bakinta." Na ji haushi a lokacin, na ja bakina na tsuke. Ta juya wajen ƙanwata ta fara tambayoyi gajeru, tana rubutawa. Wane irin aure aka ɗaura, na masallaci kawai ko an je rajista? Ya taɓa furta saki, ko da cikin faɗa, ko a saƙon waya? Akwai ciki? Wa ya ga dukan da idonsa? An je asibiti, katin yana ina? Wa ke sayen abinci a watannin nan? Ƙanwata da ko a gida sai an yi da gaske take magana, sai ga ta tana ba da amsa tiryan-tiryan, har da abubuwan da ni yayarta ban taɓa ji ba.

Tambayar rajista ba ta banza ba ce. Ta ce auren da aka ɗaura a ofishin rajista ko a cocin da ke da lasisi yana ƙarƙashin dokar shari'o'in aure ta 1970, babbar kotun jiha kaɗai ke raba shi, kuma a ƙa'ida ba a shigar da ƙarar sai auren ya shekara biyu, in ba da izinin kotu ba. Akwai Musulmin da ke zuwa rajista don neman biza ba su san abin da suka ɗaura wa kansu ba. Namu na masallaci ne, saboda haka kotun Musulunci.

Daga nan ta yi mana bayanin da ya sa na ce kuɗina bai faɗi ba. Mu da muka zo, kul'i kaɗai muka sani: mace ta fanshi kanta. Abin da muke fata kawai a rage mana kuɗin. Ta ce kul'i hanyar macen da mijinta bai cuce ta ba ce, ita ce dai ta ji ba za ta iya zaman ba, kamar matar Sabitu ɗan Ƙaisu da ta zo wa Manzon Allah (SAW) ta ce ba ta zargin mijinta a addini ko hali, aka ce ta mayar masa da gonarsa. Wadda ake duka ba ta nan. A mazhabar Malikiyya, wadda kotunanmu ke hukunci da ita, in mace ta tabbatar da cutarwa alƙali yana da ikon sakinta daga mijin ko ya ƙi, ba tare da ta biya ko sisi ba. Ta miƙa hannu kan kanta ta ɗauko Risala, wadda duk muka karanta a Islamiyya muka manta, ta nuna mana inda aka ce mace tana iya fansar kanta da sadakinta ko ƙasa da shi ko sama da shi matuƙar ba don an cutar da ita ba ne, in kuwa don cutarwa ne, za ta karɓi abin da ta bayar kuma rabuwar ta tabbata. Wato ko da mun riga mun biya shi, da sauran magana.

Na ce to ai rashin ciyarwa ya fi sauƙin tabbatarwa, unguwa duk ta san mu ke kai mata abinci, me zai hana mu bi ta nan? Ta yi murmushi ta ce nan ne mata da yawa ke zamewa. In aka kai ƙarar rashin ciyarwa, alƙali zai ba miji wa'adi ya kawo. In ya kasa aka yi saki, sakin mai kome ne: da zarar ya samu abin ciyarwa kafin idda ta cika, yana iya mayar da matarsa. Mutumin da ke da shago a kasuwa, wanda ba rashi ya hana shi cefane ba sai mugunta, zai sauke buhun shinkafa da jarkar mai a harabar kotu, shi ke nan an koma gidan jiya. Sakin da alƙali ya yi saboda cutarwa kuwa yankakke ne, babu kome sai da sabon ɗaurin aure da yardarta. Don haka ta ce cutarwa ce za ta zama ginshiƙin ƙarar, bashin ciyarwa ya biyo baya a matsayin haƙƙi, tunda mai hali in ya ƙi ciyar da matarsa abin yana zama bashi a kansa. Da mu kaɗai muka je, wallahi da rashin ciyarwa za mu fara, don shi ya fi sauƙin faɗa a gaban maza.

Sai maganar shaidu, wadda ta fi komai ba mu wahala. Ni da Inna mun shirya tsaf za mu ba da shaida. Barista ta ce shaidar uwa ga 'yarta ba ta karɓuwa, kuma a sha'anin aure da saki maza biyu adilai ake nema. Na ce yanzu mutumin da ke kulle ƙofa ya doki matarsa da daddare, ina za a samo maza biyu da suka gani? Ta ce malaman Malikiyya sun hango wannan, shi ya sa a Tuhfa, littafin da alƙalai ke yawan jingina da shi, aka ce cutarwa tana tabbata da shaidu ko da labarin da ya bazu a tsakanin mutane. Maƙwabcin da ya sha jin ihu ta katanga, wanda matarsa da sauran matan layi suka sha ba shi labari, yana iya zuwa ya faɗi hakan.

Samun wanda zai yarda ya zo shi ne aiki. Kowa a bayan ido yana cewa ai abin ya yi yawa, da an ce kotu sai ka ji "ni ba na son shiga tsakanin mata da miji." Wannan aikin ofishin bai taya mu ba ko kaɗan, mu muka yi ta sintiri, ƙaninmu yana bi gida-gida bayan sallar isha'i. A ƙarshe maƙwabcinsu na jikin katanga, wani dattijo mai ritaya, da mai shagon bakin layi suka amsa. Barista ta zauna da su kafin ranar, ina wajen. Ban ji ta sa wa kowa magana a baki ba. Abin da ta ce wa dattijon shi ne, "Baba, abin da idonka ya gani ka ce na gani, abin da kunnenka ya ji ka ce na ji, wanda aka faɗa maka ka ce an faɗa min. Kada ka haɗa su." Ta kuma hana ƙanwata goge saƙonnin muryar da yake turo mata a WhatsApp, ta hana ta mayar masa da martani, ta hana mu duka rubuta komai a Facebook. Wannan na ƙarshen da ni take, ta kuma san da ni take.

A kotun Musulunci da Hausa ake komai. Mace tana iya zuwa ita kaɗai ta samu rajistara ta faɗi ƙararta, ta biya kuɗin shigarwa, a rubuta sammaci masinja ya kai. Ba dole sai da lauya ba, kuma akasarin matan da na gani zaune kan benci ba su da shi. Abin da lauya ke ƙarawa shi ne sanin me za a roƙa da lokacin da za a yi magana. Na ga wata baiwar Allah da alƙali ya tambaye ta me take nema, ta yi ta kuka tana ba da labarin kishiya, bai samu abin rubutawa ba. Ita kuwa ƙanwata da aka tambaye ta, jimla uku ta yi: yana dukana, ya daina ciyar da ni, ina roƙon kotu ta raba auren saboda cutarwa.

Alƙali bai yi gaggawa ba. Ya fara da neman sulhu, ya sa a kawo mutum ɗaya daga danginta ɗaya daga danginsa, kamar yadda aya ta 35 ta Suratun Nisa'i ta ce. Baffa ne ya wakilce mu. Suka zauna suka dawo ba a daidaita ba, sannan aka shiga sauraron shaidu.

Ranar shaidu ita ce ranar da na ga aikin Barista da idona. Bayan mai shago ya gama, alƙali ya tambayi mijin ko yana da suka a kan shaidar. Ya miƙe ya ce, "Allah ya gafarta Malam, wannan maƙiyina ne, yana bina bashi, shi ya sa ya zo ya yi min ƙarya." Gabana ya faɗi, don an riga an gaya mana cewa shaidar maƙiyi ba ta tsayawa. Barista ta tashi a hankali ta roƙi kotu ta tambayi mai shago bashin mene ne. Ya ce na garin kwaki ne da taliya da sabulu da madarar yara, matar ce ke aikowa a rubuta, maigidan ya ce shi ba shi ya ci ba. Littafin bashin ma yana aljihunsa, wani ɗan littafin makaranta da ya sha maiƙo. Aka karɓa aka duba. Alƙali ya ce bin bashi ba ƙiyayya ba ce, ya kuma tambayi mijin dalilin da ya sa iyalinsa ke cin bashin gari alhali yana kasuwa. Sukar da ya kawo ita ta zama shaidar rashin ciyarwa. Da aka kunna ɗaya daga cikin saƙonnin murya, inda yake cewa in ta dawo sai ya karya ta, aka tambaye shi ko muryarsa ce, ya ce tasa ce amma cikin fushi ya faɗa. Barista ba ta ƙara komai ba, ta ce kotu ta rubuta cewa ya amsa.

Kafin hukunci alƙali ya yi i'izari, wato ya tambayi kowane ɓangare ko yana da sauran magana ko hujja. A mota Barista ta ce min ta kasa kunne ne musamman ta ji an yi an kuma rubuta, domin rashin i'izari yana cikin abubuwan da kotun sama ke rushe hukunci a kansu, a dawo da mutum farko. Aka yanke: saki ɗaya yankakke saboda cutarwa, babu biyan komai, ta fara idda, wanda bai gamsu ba yana da kwana 30 ya ɗaukaka ƙara. Ya yi ta cika baki a waje cewa har Kotun Ƙoli sai ya je. Hanyar tana nan kuwa, daga babbar kotun Musulunci zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ta jiha, wadda sashe na 277 na tsarin mulkin 1999 ya ba ta hurumin aure da saki da riƙon yara da gado, har zuwa sama. Bai je ko'ina ba. Kwanakin suka cika, Barista ta karɓo mana takardar hukuncin mai hatimin kotu ta ce a yi kwafi a adana, don ranar da wani auren ya zo ita za a nema.

Yanzu inda aka tauye mudun.

Falon jiran nan ba shi da sirri ko na anini. Sakatariya tana zaune a tsakiya, mutane a kewaye, sai ta ɗaga murya: "Ku ne na sakin auren nan ko? Mijin ya karɓi sammaci?" Rannan akwai wani mutum da ya zo maganar fili, ɗan unguwar su mijin ne. Ƙanwata ta ja mayafi ta rufe fuska har muka shiga. Ofishin da rabin masu zuwa mata ne da ke cikin irin wannan hali bai kamata a ce sai an gaya musu wannan ba. Na faɗa wa Barista, ta ce za ta yi magana, ban ga canji ba.

Na biyu, takardar yarjejeniya da Turanci take, shafi biyu, aka miƙo min biro. Da na ce a karanta min da Hausa an karanta, amma a gurguje, kuma a nan ne ban kama wani abu da ya dawo ya cije ni ba: kuɗin aikin rabi kafin a fara rabi in an gama, wannan na ji. Amma akwai kuɗin zuwa kotu da ake biya duk zama, ko an yi shari'a ko ba a yi ba. Mijin ya yi ta ɓuya wa masinja, ya zo yau gobe ya aiko cewa ba shi da lafiya, wata rana alƙali ya tafi taro. Duk ranar da aka ɗage, na biya. Da na tara kuɗin zaman nan sai da ya kusa kamo rabin kuɗin aikin. Ba na cewa haramun suka ci, mai da lokaci suka ƙona. Amma wanda ya san kotu ya san ɗagewa ita ce ta fi yawa, ya kamata tun ranar farko a ce min, Hajiya, ki ware kaza don wannan. Tela ma in zai karɓi ɗinki yana faɗa miki kuɗin zare da aiki daban ne, ba sai kin zo karɓa ba.

Na uku ya fi ba ni takaici. Akwai zaman da Barista ta tafi wata shari'a a babbar kotu ta turo ɗaya daga cikin yaran ofis. Yaron kirki, mai ladabi, amma a harabar kotu ya buɗe fayil ɗin karon farko, har yana tambayar ƙanwata 'ya'yanta nawa. Da aka kira ƙarar, wakilin mijin ya kawo tayin cewa sun janye neman kuɗi gaba ɗaya, zai rubuta saki yau ɗin nan, in ta yarda ta bar masa yaran. Yaron ya juyo yana ce mana ai wannan tayi ne mai kyau, a gama yau. Ƙanwata da ta gaji ta fara gyaɗa kai. Ni na ce a ba mu minti biyar, na fita na yi ta kiran Barista, ba ta ɗauka, sai a kira na kusan biyar. Da ta ji, ta ce kada a sa hannu a komai, ya roƙi a ɗage. Daga baya ta ba mu haƙuri, ba ta karɓi kuɗin zaman ranar ba. Na yaba da hakan. Amma da a ce wayarta tana kashe fa? Kuma rashin ɗaukar waya ba ranar kaɗai ba ne, ɗabi'ar ofishin ce. Saƙo ya fi saurin samun amsa, shi ma sai dare.

Dalilin da ya sa tayin nan tarko ne, riƙon yara bayan rabuwa a Malikiyya haƙƙin uwa ne: namiji har ya balaga, mace har ta yi aure ta tare. In uwar ta yi wani auren, riƙon yana komawa ga mahaifiyarta, sannan 'yar'uwarta, kafin a zo kan dangin uba. Ciyarwa da tufafi da magani kuwa suna kan uba duk inda yaran suke. Mu a al'ada mun saba da an yaye yaro uba ya aiko a ɗauke shi, har mata da yawa sun ɗauka haka shari'a ta ce. Yana so ne ya sayi abin da ba nasa ba da sakin da kotu ke dab da yi kyauta.

Maganar yaran ƙara ce daban, da kuɗinta daban, wannan ma ban sani ba sai da aka zo wajen. An bar mata 'ya'yanta, an ba shi damar ganinsu, an yanka masa abin da zai riƙa bayarwa duk wata da kuɗin makaranta. Abin da aka yanka ɗin, a tsadar yau, ba ya kai su tsakiyar wata. Barista ta nemi fiye da haka, amma ya rantse cewa kasuwa ta karye, mu kuma ba mu da wata takarda da ke nuna abin da yake samu. Bashin ciyarwar baya ma kaɗan aka tabbatar, iya abin da littafin mai shago ya nuna. Ta kuma gaya mana gaskiya tun kafin mu sa rai: wadda aka yi wa saki yankakke in ba ta da ciki ba ta da ciyarwar idda, sai wurin zama, kuma kyautar sallama da ake ce wa mut'a a Malikiyya mustahabbi ce, alƙali ba ya tilasta ta.

Kwaso kayan ɗaki ya tafi lafiya saboda ta sa mun rubuta komai tun da wuri, daga gado da katifa har tukwane da labule, aka je da ma'aikacin kotu ana dubawa ana lodawa a mota. Abu ɗaya muka rasa, firiza. Da kuɗin adashenta aka saya, tana ƙanƙara da zoɓo, amma shi ta aika kasuwa, rasit da sunansa. Barista ta ce za a iya ja, a kawo uwar adashe, a kai ga rantsuwa, sai dai abin da za mu kashe zai kai kuɗin firizar. Muka bar masa. Har yau in na tuna sai na yi tsaki.

Wa zan ce ta je irin wannan ofishi? In aurenki babu yara, babu dukiyar da ake ja, mijin bai cuce ki ba, zaman ne kawai ya ƙi, sadakin kuma bai taka kara ya karya ba, ki je kotu da waliyyinki ki nemi kul'i, kuɗin lauya zai fi abin da za ki mayar. In kuwa akwai duka, ko an ƙaƙaba miki kuɗin da ba ki da shi, ko ana yi miki barazana da 'ya'ya, ko ganawar farkon nan kaɗai ki biya ki ji ta wace ƙofa za ki shiga. Ki nemi lauyan da ke zuwa kotun Musulunci yau da gobe, ba kowane mai baƙar kwat ya san Tuhfa ba, wani ƙwarewarsa a fili da kamfani take. Ki duba takardar da ya rubuta miki akwai hatimin ƙungiyar lauyoyi ta NBA mai ɗauke da sunansa, don akwai masu yawo a harabar kotu da jaka suna cewa su lauyoyi ne. Ki tambaya tun farko: nawa ne kuɗin zama, wa zai zo in ba ka nan, riƙon yara yana ciki ko daban, bin hukunci yana ciki ko daban.

Wadda ba ta da hali kuma akwai inda ba a biya. Hukumar ba da agajin shari'a ta tarayya, wadda aka kafa tun 1976, tana da ofis a jihohi, kuma dokarta ta 2011 ta tanadi taimako ga wanda samunsa bai wuce mafi ƙarancin albashi ba, wanda ya koma N70,000 a 2024. Akwai ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA mai reshe a Kano, akwai ƙungiyar kare haƙƙin mata ta WRAPA da Mai Shari'a Fati Lami Abubakar ta kafa a 1999. Barista da kanta ta lissafa mana su a ganawar farko, ta ce in kuɗin zai yi mana nauyi mu fara gwada can, ba za ta ji komai ba. Mai son kuɗinki kawai ba zai nuna miki ƙofar kyauta ba, wannan yana cikin abin da ya sa na tsaya da ita.

In maki zan bayar, Barista ita kanta takwas cikin goma, ofishinta biyar. Ilimi da iya tsayuwa a gaban alƙali ba ni da abin cewa. Tsari, sirri, da faɗin farashi ƙarara tun farko, da sauran gyara.

Uban yaran ya biya wata biyu na farko, na uku ya kawo rabi, daga nan shiru. Na koma ofishin, aka ce min yarjejeniyarmu ta ƙare ranar da aka yanke hukunci, tilasta biya sabon aiki ne da sabon kuɗi. Barista ta ce wannan ba sai da ita ba, ƙanwata ta ɗauki takardar hukuncin ta koma wajen rajistara ta ce ba a biya ba, za a sake aika masa sammaci. Ta rubuta mata abin da za ta faɗa a 'yar takarda, da Hausa wannan karon, ba ta karɓi komai ba. Ranar Litinin ƙanwata za ta je, ta ce ba sai na raka ta ba.